Zobban Baba Saiti

Ranar da na fara aiki a cibiyar haɗa na'urorin sararin samaniya, Baba Saiti ne ya koya min sa riga. Ga ni da digirina a kimiyyar haske, amma sai da na tsaya gabansa kamar 'yar firamare, yana nuna min yadda ake zura ƙafa cikin farar rigar nan mai haɗe da wando ba tare da hannunta ya taɓa ƙasa ba.

"Malama Digiri," in ji shi, "a ɗakin nan ke ce datti. Ni ma datti ne. Gashinki, numfashinki, hodar fuskarki, duk abokan gaba ne. Gobe kada ki shafa komai."

"Ko man leɓe, Baba?"

"Bar leɓen ya tsage. Ba shi za mu harba sama ba."

Gajeren mutum ne mai furfura, ko da yake a farin ɗaki, ɗakin aikin da ba a yarda ƙura ta shiga ba, ba ka ganin komai nasa sai idanu. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa, kuma a kan bencin shagon ya koyi riƙe hantsaki tun bai iya rubuta sunansa ba. Da ya girma ya koma gyaran kyamara. Da wayoyi suka kashe kasuwar kyamara, ya koma bin asibitoci da makarantu da 'yar jakarsa, yana gyara madubin duba ƙwayoyin cuta. A irin wannan yawon ne ya shigo cibiyarmu. Dakta, shugabar aikin, ta tsaya tana kallon yadda yake kwance gilashi yana mayarwa, kuma kafin ya rufe jakarsa ta tambaye shi ko yana son aikin zama.

Aikinsa shi ne saiti, daga nan sunan ya fito. Abin da muke haɗawa kyamara ce da za a ɗora wa tauraron ɗan adam. Kyamarar waya launi uku take gani, ta gauraya su ta ba ka hoto. Tamu kuwa tsaga hasken da ya taso daga ƙasa take yi zuwa launi sama da ɗari biyu, har da waɗanda idon mutum ba ya gani. Da ita za a gane gonar da cuta ta kama tun ganyen bai yi rawaya ba, a gane tafkin da ruwansa ya fara lalacewa. Dakta ce ta zana ta, ta kuma shafe shekaru a kan lissafinta. Shi kuma Baba shi ke zaunar da kowane madubi a mazauninsa, ya ajiye idon na'urar, wato ɗan allon da ke karɓar haske, daidai inda hasken ke taruwa. In idon ya matsa gaba ko baya da abin da bai kai kaurin gashi ba, launuka sai su shiga juna, hoto ya yi dishi-dishi. Ni kuma ina gefe da kwamfuta, ina gaya masa ko ya yi ko bai yi ba.

Ranar saiti ba ya shan shayi, wai yana sa hannu rawa. Ba ya kuma musu da matarsa, wadda duk ma'aikata muke kira Goggo.

"Ranar saiti ko ta ce rana daga yamma take fitowa, sai in ce haka ne," in ji shi. "Ta gane, shi ya sa take tara duk buƙatunta sai ranar."

Wasu 'yan zobban ƙarfe guda uku ne ke riƙe nisan idon. A kansu ake ɗora shi a ɗaure. Kuma zobban iri biyu ne. A can sama babu iska, ga sanyi, ƙarfe yana tsukewa, inda haske ke taruwa yana gusawa. Saboda haka akwai zobban ƙasa, waɗanda muke gwaji da su a ɗaki hoto ya fito tar, akwai kuma zobban sama, waɗanda za a harba da su. In ka sa na sama a nan ƙasa, hoton lalacewa yake yi, kuma haka ake so. In ka ɗora zobe ɗaya na ƙasa da ɗaya na sama a tafin hannu, babu idon da zai bambance su. Tire biyu Baba yake ajiye su: na ƙasa a hagu, na sama a dama.

Kusan shekara biyu, duk kwancewa da ɗaurewa da na hagu ake yi. Ranar da aka sa na dama, hoton layukan gwaji da ke kan allona ya narke kamar an zuba masa ruwa. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Dakta, tun ina yaro nake gyara hoto. Yau ki ce in ɓata shi da hannuna, in kuma ɗaure?"

"A can zai gyaru, Baba."

"Kin je can ɗin?"

"Lissafi ya je."

"To, in ya dawo ki gaishe min da shi."

Duk muka yi dariya, har da ita. Da gaske kuma akwai hanyar tabbatarwa. Akwai wata babbar tukunyar ƙarfe da ake zuƙe wa iska a sanyaya ta, a sa na'ura a ciki a ga yadda za ta yi a sama. Ba mu da ita, sai a wata cibiya mai nisa, kuma mun shiga layi. Kafin layin ya zo kanmu, masu roka suka matso da ranar tashi. Ko mu miƙa na'urar yanzu, ko mu jira wata rokar da babu wanda ya san yaushe za a samu. Dakta ta yi faɗa har muryarta ta dishe, a ƙarshe ta amince. Tun farko ma a zanenta akwai ɗan injin da zai iya matsar da idon daga nan ƙasa in an sami matsala. An cire shi tuntuni saboda nauyi.

A ranar ƙarshe, an riga an kwance fitilar gwaji, wadda muke haska wa na'urar mu ga hoto, da duk kayanta an sa a akwati. Dogo, mai haɗa mana wayoyi, yana dubawa ta ƙarshe da tocila sai ya tsaya.

"Baba, zo ka ga baƙo."

Ɗan ƙura ne guda, zaune a tsakiyar idon. Ba a iya kai masa sai an cire idon. Baba ya ja numfashi, ya ce a miƙo masa hantsaki. A ɗakin nan ba wanda yake taɓa na'ura shi kaɗai, don haka na tsaya a bayansa, aikina in karanta lambar da ke jikin sukudireba don kada ɗauri ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ya kwance, ya mayar da zobban tire kamar yadda ya saba, don ba ya yarda zobe ya kwana a kan tebur ko na ƙiftawar ido. Ya hure ƙurar da iskar gwangwani. Ya ɗauko zobba, ya goge, ya jera, ya ɗaure. Babu fitilar da za a kunna a ga hoto. Aka rufe, aka naɗe, mota ta zo ta ɗauka.

Akwai abin da ake yi duk lokacin da na'ura ta bar ɗaki: a share tebur tas. Zobban da suka rage, da tarin waɗanda aka yi ta gwadawa tun farkon aiki, masu kauri iri-iri, duk a wanke su a zuba a kwalba ɗaya. Baba da kansa ya zuba su, yana 'yar waƙarsa a cikin takunkumi.

Ranar tashin roka a ɗakin taro muka kalla. Goggo ta zo da 'ya'ya da jikoki, suka cika layi guda. Da wuta ta tashi a allon, ta dafa gwiwarsa ta ce, "To, ka ga kishiyar tawa ta tafi, sai ka dawo gida." Ya ce, "Ai ba a sake ta ba, tafiya ta yi."

Bayan 'yan makonni aka buɗe murfin kyamarar, hoton farko ya sauko da hantsi. A kwamfutata ya fara buɗewa. Bakin teku ne da gonaki. Na ga teku, na ga ƙasa, amma layin da ke tsakaninsu ya yi kauri kamar an shafa shi da yatsa. Gonakin sun zama curi guda. Na duba launukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya malala cikin maƙwabcinsa. Na ce wa kaina manhajar da na rubuta ce ta yi kuskure. Na sake sarrafawa. Na sake. Ban san lokacin da Dakta ta zo ta tsaya a bayana ba, sai jin hannunta na yi a kan kujera.

Baba ya shigo da sabuwar riga, don ya san ranar ce. Ya sunkuya, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Malama, gyara allon naki."

"Ba allon ba ne, Baba."

Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa yana kallonsu.

Abu uku ne zai iya jawo haka. Ko lissafin Dakta ya kauce. Ko girgizar roka ta gusar da wani madubi. Ko kuma a ranar ƙura, hannun da ya saba zuwa hagu ya je hagu. Na'urar tana can tana zagaya duniya, ba mai iya buɗe ta ya duba.

Abin da kawai ya rage mana shi ne wasu 'yan hitoci masu ɗumama ƙarfe da ke jikinta. Muka yi ta aika umarni a ɗumama nan, a sanyaya can, ko ƙarfen zai miƙe ya matso da idon. Kowane gwaji sai an jira tauraron ya biyo ta kanmu, a aika, a jira ya sake biyowa. Hoton ya ɗan gyaru, gyaran da sai ni mai aunawa ce kawai nake gani. Da muka ƙara zafi, idon ya fara cika hoton da ɗigo-ɗigo, dole muka janye.

Dakta ta sa ni in auna yawan gusawar daga hotunan. Na auna. Lambar da na samu ta yi kusa da bambancin zobban ƙasa da na sama. Kusa, amma ba daidai ba. Girgiza ma za ta iya ba da irinta. Ita kuma Dakta ta rufe kanta a ofis tana bin lissafinta layi-layi, ta aika wa wasu su duba mata, ba su sami kuskure ba, ba su kuma ce babu ba.

Baba ya tare ni a bakin famfo.

"An ce kin auna."

"Na auna, Baba."

"Ni ne?"

"Lambar ba ta nuna haka kai tsaye ba."

"Ban yi boko ba, 'yar nan, amma na san in ana kewaye ni. Ta yi kusa?"

"Ta yi kusa."

"Kusa kamar yaya? Kamar ni da ke, ko kamar nan da bakin titi?"

Ruwa yana ta zuba a kofina har ya cika ya malala, shi ya miƙa hannu ya kashe.

Washegari ya ɗauko kwalbar. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya zazzage zobban, ya zauna da ma'auni yana gwada su ɗaya-ɗaya. Tunaninsa shi ne in ya tarar da na sama a cikin kwalbar, to na ƙasa ne suka tafi. In bai tarar ba, hannunsa ya fita. Amma tun farkon aiki an yanka zobba masu yawa, kuma kowane kauri an yi masa na ajiya. Ya sami masu kaurin na sama. Ya sami masu kaurin na ƙasa. Babu wanda ya san nawa aka yanka na kowanne, wasu sun faɗi an share, wasu an ba wani sashe. Dogo ya gaya masa haka tun ranar farko.

"Baba, ko shekara ka yi kana aunawa ba za su yi magana ba."

"Kai da wayoyinka ba wanda ya tambaye ka. Je ka ci abinci, ko ka ƙara tsawo."

Ya ci gaba. Kullum in na leƙa ta gilashin farin ɗaki, yana nan a duƙe, ya jera su layi-layi, ya rushe, ya sake jerawa. Wata rana na shiga na zauna kusa da shi. Bai ɗago ba ya ce, "Wani lokaci ina ganin hannuna ya je dama, sarai nake ganinsa. In na sake rufe ido sai in ga ya je hagu. Dukansu ina tuna su, Malama. Ta yaya mutum zai tuna abu biyu?"

An kafa kwamiti, ya zauna, ya tashi. Suka ce ba a iya tantance musabbabi ba, kuma ba a ɗora wa kowa laifi ba. Dakta da kanta ta zo ta gaya masa, ta ce, "Baba, ni na yarda a harba ba a gwada ba. In akwai mai laifi, ni ce." Ya ce, "Ke kin san abin da kika yi, Dakta. Ni ban san nawa ba."

Aka fara haɗa na'ura ta biyu da gilasan ajiya. Wannan karon za a gwada a tukunya ko da za a rasa roka goma. Aka kuma kawo sababbin zobba: na ƙasa an rina su ja, na sama shuɗi. Shawara ce mai kyau, kowa ya san haka, kuma ba wanda ya yi ta don ya ci masa fuska. Ranar saitin farko ya sa rigarsa tsaf, ya shigo, aka buɗe masa tire. Ya tsaya yana kallon ja da shuɗin nan. Ya ɗauki hantsaki, ya kai hannu, ya tsaya. Ya dubi zoben, ya dube ni.

"Wannan ja ne ko?"

"Ja ne, Baba."

"Na ƙasa ke nan."

"Na ƙasa."

Ya ɗauka, ya ajiye a mazauninsa. Ya cire, ya sake dubawa. Ya mayar, ya sake cirewa. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan, ni dai ina kallo. Can ya ajiye hantsakin a hankali ya ce, "Dogo, zo ka koya. Na ga kana da haƙuri." Ya fita ya tuɓe rigar. Bai sake shiga farin ɗaki ba, kuma kafin wata ya ƙare ya ajiye aiki.

Ni ma tun lokacin ban koma daidai ba. In na kulle ofis sai na dawo na taɓa ƙofar, wani lokaci daga bakin titi. Kullum da safe ni ke buɗe hotunan da na'urar ke aikowa, don ba ta daina ba. Manyan tafkuna suna fitowa, ana ɗan amfani da su. Gonar mutum ɗaya kuwa, wadda dominta aka yi aikin, ba ta fitowa.

Ranar wata Asabar Goggo ta kira ni ta ce in zo. Na tarar da ita a ƙofar kicin, ta jawo ni ciki ta rage murya.

"Ba ya ci, 'yata. Maƙwabci ya kawo masa agogo ya ce ba ya gyara. Jikarsa ta karya tabarau, ya ce a kai shago. In ya rufe ƙofa sai ya tambaye ni ko ya rufe. Ke kina wurin ranar, ko ba haka ba?"

"Ina wurin, Goggo."

"To, ki ce masa kin gani."

"Ban gani ba. Sukudireba nake kallo."

"Na ce ki ce kin gani. Wa zai kai ki ƙara? Abin yana sama, ba saukowa zai yi ya ƙaryata ki ba. Ni dai mijina nake so ya ci abinci."

Ta ɗora min tiren shayi a hannu ta tura ni falo. Yana zaune a bakin taga da singileti, ya rame, rediyo yana yi a gefensa ba ya saurare. Da ya gan ni ya ɗan washe baki.

"Malama Digiri. Yau an shafa hoda."

"Yau ba aiki, Baba."

Ya tambayi lafiyar Dakta, ya tambayi ta Dogo, ya ce ko ya daina ɗaure noti kamar mai ɗaure tayar mota. Na ce ya daina. Na ajiye kofi na ce, "Baba, na yi ta tunanin ranar nan. Na tuna yanzu. Daga dama ka ɗauka. Na gani da idona."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya miƙe, ya jawo ɗan teburin falon tsakiya. Ya ajiye murfin kofi a hagu, ya ajiye cokali a dama. Ya tsaya a gaban teburin ya ɗan duƙa, yadda yake duƙawa a wurin aiki.

"Tashi ki tsaya inda kika tsaya ranar."

Na tashi na tsaya a bayansa, wajen kafaɗarsa, inda mai karanta sukudireba ke tsayawa.

"Me kike gani?"

Bayansa nake gani, da gwiwar hannunsa. Ba na ganin murfin, ba na ganin cokalin.

"Na gwada da Goggonki, na gwada da yaran nan duka," in ji shi. "Ba wanda ya gani daga nan." Ya koma ya zauna. "Na gode dai, 'yar nan. Sha shayinki kada ya huce."

Na sha. Da na fito, Goggo tana tsaye a bakin ƙofa tana jira. Ta dubi fuskata, ta karɓi tiren ta shige kicin.